Ɓerayen Malam da Kwalbar Inna

Laraba, da hantsi

Ranar da Inna ta zo ganin likita ce komai ya juya mini. Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina ya rage ɗaukar zafi.

Mijina, Malam Lauwali, yana koyarwa a nan Talata Mafara, yana kuma digirinsa na biyu a Sakkwato. Bincikensa kan ɓawon maɗaci ne, wai a gano ko zai rage kitsen da ke taruwa a jini. Buhu guda ya sayo wajen wani mai sassaƙe daga Maradun. Aka shanya, aka daka, aka kai ɗakin gwaji aka tace aka ƙafe, har buhun nan ya koma kwalba ɗaya mai baƙin abu kamar kwalta. Tana cikin firij ɗina, bayan robar tumatir.

Da aka shiga yajin aiki aka kulle makaranta, sai ya kwaso fararen ɓerayensa da kejinsu ya jera a ɗakin baƙi. Ana ba su abinci mai man shanu da gwaiduwar ƙwai har jininsu ya yi kitse, sannan a riƙa ɗura musu maganin a baki da sirinji marar allura. Ya shafa musu fenti a wutsiya. Masu shuɗi ba a ba su magani, masu kore kaɗan ake ba su, masu ja kuwa da yawa.

Inna mahaifiyarsa ce, a Bakura take. Makon jiya likita ya ce mata kitse ya yi yawa a jininta, ga kuma hawan jini, ya ba ta ƙwayoyi. Ta biyo gidanmu ta yi Azahar, daidai lokacin da ta san ba ya nan. Malam ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake. "Wancan" take ce masa.

Ta ji wari, ta ce, "Ɗiyata, mi kunka aje ɗakin ga?"

Na buɗe mata. Tana ganin ɓerayen ta ja da baya tana salati. "Kusa! Kusa aka kiwo gidan ga kamar tumaki?"

Sai na kama bayani. Gwajin jini na farko ya nuna kitsen ya ɗan sauka ga waɗanda ake ba magani, wannan kaɗai Malam ya gaya mini. Ni kuwa na ba da labarin kamar yadda ake bayarwa a littattafan da nake karantawa, inda saurayi ke fita da jaka ɗaya ya dawo ana buga sunansa a rediyo. Na ce maganin narkar da kitse yake kamar man shanu a wuta. Na ce duniya za ta san shi.

Ta tsaya tana kallon kwalbar da na ɗauko don in nuna mata. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Wancan na ya haɗa wanga da kainai?"

Na ce shi ne, Inna.

Ta buɗe jakarta ta fito da 'yar kwalbar zuma da ta ƙare. "Ɗibam min. Kuma amana ta, kada shi ji."

Ta yaya zan ce wa Inna a'a? Ko idonta ban taɓa kallo ba tunda aka kawo ni gidan nan. Na ɗauko cokali.

Alhamis, bayan La'asar

Maɗaci dai maɗaci ne. Kakata takan jiƙa mana shi muna yara in ciki ya murɗa, mu sha muna kuka, ga mu da rai. Ba abin da zai faru.

Asabar, da safe

Malam ya ɗaga kwalbar yana duba ta a haske.

"Farida, abin nan yana saurin tafiya."

Na ce ko sanyin firij ne ke ƙafe shi. Ya ce sanyi ba ya ƙafe abin da ke rufe. Ya ɗora ta a sikeli, ya yi tsaki, ya ce wataƙila shi ne ya yi kuskure tun awon farko. Ya ɗora wa kansa laifi, ni kuma ina tsaye ina riƙe masa ɓera.

Yanzu na iya riƙe su. A ƙeya ake kamawa, a hankali, kamar ɗan mage. Ya hana ni sa musu suna, wai ba a sabawa da abin gwaji, amma akwai wata mai jan wutsiya da ke wanke fuska da hannu biyu kamar amarya za ta fita. A zuciyata Gimbiya nake ce mata.

A littattafai uwar miji muguwa ce, tana da boka, tana da hararar da ke ƙona tuwo. Da irin wannan na samu da na san abin yi, domin na karanta yadda ake zama da su. Tawa kuwa ranar da na yi zazzaɓi ita ta aiko da fura da man shanu daga Bakura, ta ce a gaya wa wancan kada ya bar ni in taɓa ruwan sanyi.

Lahadi, da rana

An yi ruwa. Na buɗe littafi na rufe.

Talata, bayan Azahar

Yau kasuwa. Ikilima, ƙanwar Malam da ke zaune da Inna, ta zo sayayya ta biyo. Tun daga zaure take kira.

"Uwar kusa! Ina ɗiyanki? An yi masu suna ba a kira dangin uba ba?"

Na ce ta shigo ta yi musu wanka, ai gwaggo ce.

"Allah shi kiyaye! Yaya Lauwali ya yi boko har ya zarce. Wasu na kiwon raguna, shi ko masu cin hatsi yaka kiwo, har da ƙwai. Ni ban ci ƙwai ba watan ga."

Muka yi dariya, na zuba mata shinkafa. Na tambayi jikin Inna. Ta ce Inna garau, har shara take ƙwacewa ta yi da kanta. Na ji kamar an sauke mini dutse. Sai ta ƙara da cewa abu ɗaya ne ke damunta, ƙwayoyin likita na nan kan taga, ko ledarsu ba a yage ba.

"Na yi magana, ta ce ta samu wanda ya fi su. Ko wane mai magani ta gani, oho."

Ban san ta ajiye ƙwayoyin ba. Na ɗauka haɗawa take.

Da za ta tafi ta miƙo mini wata kwalba a ƙulle cikin leda. "Inna ta ce waccan ta yi rabi, ki cika mata wagga da abin da kin sani. Mina na? Sirrin surukai?"

Na ce haɗin yaji ne. Na ce ta je ta gama cefanenta ta dawo.

Ban taɓa kwalbar firij ba. Na dafa garin goruba da mazarƙwaila har ya yi baƙi ya yi kauri, na ɗura. Na ji daɗin dabarar, har na ga kaina kamar yarinyar cikin labari da ke ceton gida ba wanda ya sani. Sai bayan ta hau mota na zauna na yi tunani: ko da Inna ta yarda da gorubar, ƙwayoyin suna nan kan taga. Kuma rabin na gaskiyar yana hannunta.

Laraba, da hantsi

Masu jan wutsiya ba su cinye abincinsu ba. Malam ya ce zafi ne.

Alhamis, da yamma

Wayar Ikilima ta shigo, amma muryar Inna ce. Muka gaisa. Ta tambayi gida, ta tambayi ruwa, ta tambayi mutanenmu na Jangebe ɗaya bayan ɗaya, har ta tambayi ɓerayen. Ina durƙushe a tsakar ɗaki kamar tana ganina.

Sannan ta ce, "Ɗiyata, wanga da kika aiko zaƙi garai."

Na ƙara danna wayar a kunne.

"Ni tsohuwa ta, ba jinjira ba. Na san ɗacin maɗaci tun ba a haifi uwarki ba." Ba faɗa a muryarta, har kamar tana murmushi. "Ko shi na ya hana?"

Na ce bai sani ba, Inna.

"To madalla. Allah shi yi miki albarka. In waccan ta ƙare ni aiko."

Na ce amin. Amin kawai na ce.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Gimbiya ta lafe a kusurwar keji, gashinta a tsaye. Ba ta wanke fuska. Na tura mata ruwa da yatsa, ba ta juyo ba.

Masu kore suna ta tsalle. Na tsaya ina lissafi a raina: Inna cikin masu kore take ko cikin masu ja? Malam sai ya auna kowane ɓera a sikeli kafin ya san ɗigon da zai ba shi. Inna da wane cokali take ɗiba? Sau nawa? Ban tambaya ba. Ba a tambayar Inna.

Ba abin da zai faru. Mutum ai ba ɓera ba ne, mutum babba ne.

Asabar, da safe

Ta mutu.

Asabar, bayan La'asar

Gimbiya nake nufi. Sai yanzu na ga yadda na rubuta da safe.

Malam ya kira abokinsa Falalu, likitan dabbobi. Suka shimfiɗa leda a kan tebur suka buɗe ta. Na kawo musu ruwa na tsaya a bakin ƙofa. Falalu ya ɗaga wani abu da ɗan ƙarfe ya ce, "Dubi hantar nan. Ta koɗe." Suka kwatanta da hoto a waya. Suka ɗebi jinin sauran, Falalu zai kai Sakkwato.

Bayan ya tafi ina wanke sirinji, na ce, "Malam, in mutum ya sha fa?"

Ya juyo da sauri. "Wane mutum?"

Na ce tambaya ce kawai.

"Ko da wasa kada ki faɗi haka a gaban kowa. Mutanenmu suna jin an ce magani sai su miƙo hannu. Mai gadin makaranta ma ya roƙe ni, na hana shi. Abin da ke cikin cokali ɗaya na wannan ya fi tukunyar jiƙo ƙarfi. Daga ɓera zuwa mutum tafiyar shekaru ce, kuma mafi yawan magunguna a hanya suke mutuwa."

Na ce to.

Ya zauna yana goge tabarau. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Ni ban ma san ko Inna ta san aikin da nake yi ba. Tun ina firamare, in na kawo sakamako sai ta ce a kai wa Baba. Na san kunya ce, ba ƙi ba. Amma da sau ɗaya dai."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na tuna ta ce amana. Na ce bari in duba tuwo.

Litinin, da hantsi

Na rubuta wa Ikilima saƙo na goge. In ta sani, Bakura ta sani kafin La'asar, a ce amaryar Lauwali ta ba uwar mijinta maganin ɓera.

Jibi akwai suna a gidansu, matar ƙaninsa ta haihu. Zan gan ta. Zan faɗa mata da bakina. Na shirya maganar tun daga gaisuwa har ƙarshe, na maimaita a gaban madubi. A madubi na iya sosai.

Laraba, bayan Magariba

Mun je Bakura da safe, muka juyo tun rana na sama saboda hanya.

Malam ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango kamar kullum. "Lahiya lau. An zo lahiya? Madalla." Ya ajiye ledar lemo ya fita wajen maza. Bai ga fuskarta ba. Bai taɓa gani ba balle ya san ta canza.

Ni na gani. Da ta juya wajen taga na saci kallo. Ta faɗa, kuma farin idonta ba fari ba ne sosai. An kawo mata waina da miyan taushe ta ture, ta ce ƙamshin mai ke tayar mata da zuciya. Mata suna ta shiga da fita, ana guɗa, ana miƙa jariri. Wata tsohuwa ta ce, "Marka, kin rame." Inna ta ce, "Kitse na ka narkewa." Ta faɗa da wani irin alfahari, ta ɗan dube ni.

Da ɗakin ya yi sauƙi ta ce in turo ƙofa. Ta jawo kwalbar daga ƙarƙashin katifa ta nuna mini. Saura kaɗan a gindi.

Duk maganar madubi ta gudu. Kaina a ƙasa na ce, "Inna, ƙwayoyin likita fa?"

"Likita ɗan wa na? Shi ma wata ta haihe shi. Tana can tana shan nashi, ni ba ni shan nawa?"

Na ce, "Inna, ba a gama gwaji ba. Ɗaya daga cikin ɓerayen ta mutu."

"Kusu ai mutuwa shikai. Ko mage ta kashe shi." Ta kama hannuna, tafinta da zafi. "Ɗiyata, ban taɓa ce mai ya yi ƙoƙari ba. Bakina bai iyawa. Yara na yi mai dariya, ana ce mai kiwon kusa. Ni in ban yarda da abin hannunai ba, wa zai yarda? Ki bar ni in yi mai wanga."

Na yi kuka. Ta ɗauka na daɗi ne, ta share mini da bakin mayafinta.

A mota Malam ya ce, "Na ji Inna ta riƙe ki a ɗaki. Kin ga ke tana sonki." Na ce e.

Alhamis, da rana

Wani mai ja ya lafe.

Juma'a, da hantsi

Na ɗauko littafin da na bari a rabi, na ce ko zan manta. Yarinyar ciki tana ɓoye wani sirri, kuma na san yadda za a ƙare: wani zai tsaya bayan labule ya ji, asiri ya tonu ba da bakinta ba, kowa ya yafe mata a shafi na ƙarshe. Na ɗaga kai na dubi labulenmu. Ba kowa a bayansa sai kejin ɓeraye.

Na auna abin ta kowane gefe. In na faɗa, na ci amanar Inna, kuma ba za ta sake kirana ta ce in turo ƙofa ba. Malam zai san na tsaya ina kallonsa yana zargin sikelinsa. Kuma dole ya je ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce mata abin da ya haɗa da hannunsa ne ke cutar da ita. Mutanen da ba su taɓa haɗa ido ba, maganarsu ta farko ke nan.

In ban faɗa ba, kwalbar ta kusa ƙarewa. Wataƙila ta ƙare, shi ke nan, jikinta ya dawo.

Wataƙila.

Asabar, bayan Azahar

Falalu ya dawo da sakamako. Malam ya shigo da fara'a, abin da ya ba ni mamaki. Ya ce kitsen ya sauka ga masu kore da masu ja duka, amma jinin masu ja ya nuna hanta ta taɓu sosai. Ya ce wannan ma sakamako ne mai kyau, farfesansa zai ji daɗi, domin an gano iyakar da ba a wucewa.

"Kin ga amfanin gwaji a kan dabba ke nan," in ji shi, yana wanke hannu. "Alhamdu lillahi da ɓera ne ba mutum ba."

Na ce alhamdu lillahi. Ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Lahadi, kafin La'asar

Ikilima ta kira. Yau ba uwar kusa, ba wasa.

"Farida, Inna ta yi amai tun safe. Azahar zaune ta yi ta, jiri ka ɗibar ta. Idonta kamar an zuba kurkum. Mutane sun ce ciwon shawara na. Na ce mu tai asibiti, ta ce a'a, wai ciwon na ka hita. Kuma ta ce in hwaɗa miki yajin ya ƙare jiya, a aiko da wani yau yau." Sannan ta ce, "Wane irin yaji na wanga, Farida?"

Na ce ta nemo kwalbar a ƙarƙashin katifa, ko wankewa kada ta yi, ta sa a jaka tare da ƙwayoyin kan taga, likita zai so ya gani. Na ce ta sa wa Inna mayafi, ta ce wa ƙaninsu ya tsayar da mota. Ta ce Inna ba za ta yarda ba. Na ce wanda ba za ta iya yi wa musu ido da ido ba yana zuwa.

Malam ya tafi masallaci. Na fito da makullin babur ɗinsa na ajiye a kan tabarma, na sa hijabina. Har yanzu da sauran rana, za mu isa Bakura da haske.

Inna ta ce amana, kuma zan ci amanar. Yana shigowa zan faɗa masa, kafin ya cire takalmi.